Yadda Na Fara Kai Kayan Lambunmu Har Ƙofar Mai Saye

Ni haifaffen Jos ne, kuma a lambu na buɗi ido. Kakanmu ya baro ƙasar Kano yana saurayi ya zo aikin kuza, kamar dubban Hausawan da suka hau wannan tsauni a zamanin Turawa. Da ƙarfi ya fara ƙarewa sai ya koma noman rani a bakin ramukan da kamfanonin kuza suka haƙa suka bari ruwa ya cika. Turawa na son kabeji da karas da latas, ƙasar Jos kuma da sanyinta tana karɓarsu. Haka sana'ar ta zama gado. Shi da jigo ya yi ban ruwa, a hannun Babanmu aka koma inji da tiyo. Filin kuwa ba namu ba ne. Haya muke yi a wurin wani dattijo ɗan asalin yankin, Kirista, wanda shi da Baba suka yi shekara da shekaru babu takarda a tsakaninsu sai magana.

Tun ina firamare na san sanyin asubar Disamba, lokacin da ruwan tafki ke sa yatsu su sandare. Na san da la'asar sakaliya ake dashen kabeji don kada rana ta dafa shi. Abin da ban sani ba shi ne inda kaya ke ƙarewa bayan ya bar hannunmu. Namu mu yanka, mu cusa a buhu, mu ɗinke, a ɗora a a-kori-kura a kai kasuwa. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Farin Gada da ke Jos da safe ya ga yadda ake loda wa manyan motoci kayan lambu zuwa Abuja da Legas da Anacha da Fatakwal. Daga bakin motar nan sanina ya tsaya.

A wannan harka manomi ba ya ciniki da baƙo. Za ka sauke kayanka a rumfar dillalinka, ka koma gefe ka zauna. Shi zai ji tayi, shi zai ce albarka, shi zai sallama. Ya cire la'adarsa, ya cire kuɗin 'yan dako da na kasuwa, ya miƙo maka abin da ya saura. Namu dillalin wani Alhaji ne, kusan sa'an Baba. Idan damina ta ɗauke, wurinsa Baba ke zuwa ya karɓi kuɗin iri da taki da man inji, bisa wani sharaɗi da ba a furtawa amma kowa ya san da shi: ranar da kaya ya nuna, rumfarsa zai sauka.

Matsalar 'yan lambu ita ce kusan lokaci ɗaya kowa ke shuka, don haka lokaci ɗaya kaya ke fitowa. Idan kasuwa ta cika, wuƙa da nama suna hannun mai saye. Kai kuma ba ka da halin cewa ka fasa, domin kabejin da aka yanke ba ya komawa gona, latas kuwa kafin azahar ya yi laushi. Na sha ganin Baba ya dawo gida ya zauna a kan tabarma yana ƙirga kuɗi yana sake ƙirgawa, abincin da Innarmu ta ajiye masa ya huce bai taɓa ba. Wani lokaci yakan ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Bai taɓa faɗin haka a gaban Alhaji ba. Gobe da asuba kuma zai tashe mu mu tafi ban ruwa.

Rikice-rikicen Jos ma sun ci rabonsu. Na Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, kowanne ya raba mu da lambu na makonni, biyun ƙarshe kuma a tsakiyar aikin rani suka faɗo. Dattijon nan mai fili shi ya riƙa ɗauke injinmu ya ɓoye a ɗakinsa har ƙura ta lafa. Amma shuka ba ta jiran zaman lafiya. Mu koma mu tarar ta bushe, Baba ya sake nufar rumfar Alhaji.

Ni dai Baba ya dage na yi karatu har na samu takardar koyarwa. Na kama aiki a wata makarantar kuɗi a unguwarmu. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma da shi na yi aure, ina ganin na rabu da laka ke nan. A 2018 aka kira ni ina cikin aji aka ce Baba ya faɗi a tsakiyar fangali. Hawan jini ne, wanda bai taɓa sanin yana da shi ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta harɗe. A daren da aka kwantar da shi an nemi kuɗin da ko rabinsu ba mu da shi. Dare ya fara nisa sai ga Alhaji da kansa, ya zaro kuɗi daga aljihun babbar riga ya damƙa mini ya ce, "Je ka biya, ɗana, sauran magana sai gaba." Dole in faɗi wannan, domin duk wanda zai ba da labarin dillalai ya tsallake irin wannan dare bai yi adalci ba.

Ni ne babba a maza. Na ajiye alli na koma lambu. Da aka dawo da Baba gida, sai Alhaji ya kira ni ya buɗe mini littafi. Tsohon littafi ne mai baƙin bango, shafin Baba ya cika an ƙara wani, an ƙara wani. Ga taki na shekarar kaza, ga iri, ga gyaran inji, ga kuɗin auren yayata, ga na asibiti a ƙarshe. Ban ga ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum ya yi fiye da shekara talatin yana tashi kafin kiran assalatu, ƙarshe abin da ya tara shi ne waɗannan shafuka. Daren nan na kwanta ina jin numfashin Baba daga ɗaki na kusa, ina tambayar kaina ko ni ma haka ɗana zai je a buɗe masa littafi.

Na yi aiki iya ƙarfina, bashin bai motsa ba. Abin da na biya da girbi shi nake sake karɓa da shuka. A tsakanin nan yayata da ke aure a Kubwa, can Abuja, ta haihu, na je suna. Ta aike ni kasuwa in sayo kayan salak. Da mai tebur ya faɗa mini kuɗin kabeji guda ɗaya sai na ɗauka ban ji daidai ba. Na ɗauke shi na juya a hannuna. Na Jos ne, har yankan gindin irin na 'yan lambunmu, ya kwana a hanya an ɓare masa ganyen waje. Kuɗin ya ninka abin da ke shigowa hannunmu sau uku ko fiye. Na biya ban yi musu ba. A mota muna dawowa, daga Keffi har Akwanga har muka hau Hawan Kibo, lissafi nake yi. Amma lissafi ne kawai, don ban san kowa a Abuja ba sai ita, kayana kuma na rumfar Alhaji ne tun kafin su tsiro.

Sai korona ta zo. A ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Abuja da Legas, a watan Afrilu Filato ma ta rufe, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. An ce motocin abinci za su iya wucewa, amma 'yan sarin da ke zuwa daga Kudu sun ɗauke ƙafa, waɗanda suka saura kuma abin da suka ga dama suke tayawa. Ina da kabejin ƙarshen rani da ya nuna yana fashewa a gona, ga karas, ga koren tattasai. Alhaji da bakinsa ya ce kada in kawo, ba mai ɗauka. Azumi kuma ya ƙarato, gida ba komai.

Yayata ce ta kira. Ta ce, "Kai, a nan fa kasuwa sai ranar da aka buɗe, kuma kayan salak sun yi tsadar da ba a magana. Ba za ka aiko mana ba?" Na samu wani direba ɗan unguwarmu da ke kai dankali Abuja, na haɗa masa buhu guda, komai da komai. Ta ɗauki hoto ta sa a zauren WhatsApp na matan layinsu da na islamiyyarsu. Kafin magariba wayata ta fara ƙara. Wata ta ce kabeji da karas, wata ta ce dankalin turawa, wata ta tambaya ko akwai koren wake. Wata Hajiya ta ce, "Malam, nawa ne?" Baba bai taɓa jin wannan tambaya daga bakin mai ci ba, ni ma ban taɓa ji ba. Na ce ta ɗan ba ni lokaci. Na zauna na tsaga tsakanin farashin Jos da na Abuja na faɗa mata. Ta ce, "Shi ke nan? Turo lambar asusu." Da kuɗin suka shigo na je na durƙusa gaban Baba na nuna masa wayar. Ba ya iya magana sosai, amma ya riƙe hannuna da na hagunsa ya daɗe bai saki ba.

Saura maganar Alhaji. Abokaina sun ce in yi shiru in ci gaba, ai shi ya ce kada in kawo. Innarmu ta ce a'a, wanda ya yi maka rana ba ka yi masa dare. Na je har gida bayan isha'i na zauna a ƙasa. Na ce, "Alhaji, izini na zo nema. Na samu masu saye a Abuja, ina so in riƙa aika musu kai tsaye. Bashinku yana wuyana, zan riƙa biya duk wata da kuɗi." Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ɗana, kana ganin abin da muke ci ya yi yawa ko? Je ka gwada. Amma ba ka san kaya ba sai ya kwana a hannunka." Ya yarda, sai dai ya ce daga bana babu kuɗin shuka, tunda kaya ba rumfarsa zai zo ba. Gaskiyarsa ce. Na fito ƙafafuna na rawa, domin tunda na yi wayo ban taɓa ganin an yi shuka a gidanmu ba da kuɗinsa ba.

Maganarsa kuwa ta tabbata. Ranar da ka cire dillali daga tsakaninka da mai saye, aikinsa kanka yake dawowa. Da, ina sauke buhu na gama. Yanzu ni ke neman kwastoma, ni ke tantance kaya, ni ke sayen kwali da leda da igiya, ni ke ciniki da direba, ni ke neman wanda zai karɓa a can ya raba gida-gida, ni ke amsa waya idan tumatir ya fashe. Ratar nan da na gani tsakanin farashin Jos da na Kubwa, da na fara biyan waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya sai na ga inda kaso mai tsoka ke tafiya. Ga kuɗin mota, ga na shingayen hanya, ga abin da zafi ke cinyewa. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kayan da ya tashi a wannan sanyi idan ya gangara zafin Abuja na watan Maris, awa kaɗan sun isa ya canja kama.

A hankali na koyi abubuwan da Baba bai taɓa buƙatar sani ba. Karas idan aka wanke aka ɗaure a leda da danshinsa, kafin ya isa ya yi yauƙi. Latas da yamma liƙis ake cire shi, a sa a kwalin da aka huhhuda, kuma shi ne a sama, ba a ɗora masa komai. Dankalin turawa idan ya sha haske fatarsa takan yi kore, matan Abuja ba za su karɓa ba, kuma suna da gaskiya don koren ba shi da kyau a ci. Na tsayar da tsari: daren Laraba ake rufe karɓar oda, Alhamis da Juma'a mu cire mu haɗa kowane kwali da sunan mai shi, Asabar da asubar fari mota ta tashi. Ƙanena da ya koma wurin yayarmu ya karɓa ya raba tare da 'yan babur masu kai saƙo, Kubwa da Dutse da Gwarimpa, daga baya har Lugbe. Ba na sa wuƙa a gona sai na ga kuɗi a asusu da idona, don akwai masu turo hoton rasit na bogi. Da ribar wannan mako nake sayen takin mako mai zuwa.

Har shukar ma sai da ta canja. Gida ɗaya kabeji biyu ko uku yake ci a mako. Idan na cika fili da kabeji ya nuna rana ɗaya, duk yawan kwastomomina ba za su cinye ba. Sai na rarraba filin na riƙa dasawa kaɗan-kaɗan, na ƙara kokwamba da koren wake da albasa mai lawashi da farin kabeji. Mai saye kai tsaye kuma zaɓaɓɓe yake so. Ƙanana da masu tabo har yau kasuwa nake kai su, rumfar Alhaji, ya cire la'adarsa kamar kullum. Duk wanda ya ce maka da waya kaɗai zai sayar da gona guda bai taɓa noma ba.

Jarabawa mafi girma ta zo ne dab da ƙaramar sallah ta 2021. Oda ta yi yawan da ban taɓa gani ba. Na zuba duk abin da nake da shi, na ƙaro dankali daga hannun wasu manoma. Motar ta lalace bayan Akwanga, inda babu mai gyara a kusa. Kaya ya wuni ya kwana a rufe cikin zafi. Da ƙanena ya buɗe kwalayen ya kira ni murya na rawa ya ce, "Yaya, latas ɗin ya zama ruwa." Direba ya ce ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce, ba shi da abin biya. Da a tsohon tsari ne, wannan asara ta ɗan sari ce, ni ina gida da kuɗina. Yanzu kuwa kuɗin mutane ne a wuyana, kuma na riga na kashe su.

Na zauna a tsakar gida har dare ya raba, waya na ta haske na kasa ɗauka. Zuciya ta kawo mini shawarwari iri-iri: in ce a raba asarar, in ce su yi haƙuri sai bayan sallah, ko in kashe wayar gaba ɗaya in koma wurin Alhaji. Matata ta fito ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Malam, mutanen nan ba su taɓa ganinka ba suka ba ka kuɗinsu. In ka rasa wannan, me ya rage maka?" Da gari ya waye ta miƙo mini 'yan kunnenta na zinare na aure, ta ce keken ɗinkinta ma a sayar. Na kira kowa ɗaya bayan ɗaya, da murya, na faɗa musu abin da ya faru, na mayar wa kowa kuɗinsa cif. Wasu sun yi faɗa kuma ban ga laifinsu ba, sallah ce, sun dogara da ni. Wasu sun tafi ba su dawo ba. Wata dattijuwa a Gwarimpa ta ce, "Ɗan nan, riƙe nawa, ka kawo mini mako mai zuwa." A wannan shekara da tsofaffin kaya yarana suka je idi.

Baba ya rasu da daminar shekarar. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara. Bai ga ƙarshen bashin ba, kuma wannan yana ci mini rai har gobe. A wurin jana'iza, da liman ya tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi, na miƙe kafin kowa ya yi magana na ce duk abin da ake binsa ya dawo kaina. Bayan an share makoki Alhaji ya yafe kuɗin asibiti, saura ya ce in biya a hankali.

Waɗanda na mayar wa kuɗi su suka zama masu yi mini talla. Wannan ta gaya wa ƙawarta a ofis, waccan ta gaya wa matan cocinsu. Buƙata ta fi ƙarfin filina. Ana tambayar dankalin Bokkos, ana tambayar sitiroberi na yankin Vom, ana tambayar acca wankakkiya mara tsakuwa. Na fara karɓa daga hannun maƙwabtana 'yan lambu da wasu mata manoman dankali. Nan ne wata tambaya ta hana ni sukuni: wanda ke karɓar kayan wani ya sayar wa wani, ba dillali ba ne? Na auna na ga ba ni da bakin musu. Ina tsakiya, ina cin riba. Sai na tuna abin da ya fi ƙona wa Baba rai a duk shekarun nan. La'ada ya san haƙƙi ce, bai taɓa ƙorafi a kanta ba. Duhun da aka bar shi a ciki ne ya dame shi: bai san nawa aka sayar a can ba, bai san wa ya ci ba, ba a taɓa neman bakinsa a farashi ba. Don haka na yanke cewa duk wanda na karɓi kayansa zan nuna masa jerin farashin da na tura wa kwastomomi, da abin da mota da kwali suka ci, mu tsayar da nasa tun kafin ya cire, kuma in biya shi ranar da na ɗauka. Mai saye ma ina gaya mata daga ina kayan ya fito. Ribata ta ragu da wannan tsari, wasu abokan sana'a suna ganin wauta ce. Ni kuwa hankalina ya fi kwanciya a haka.

Shekarar 2023 ta girgiza mu. Da aka canja takardun naira aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi, masu saye ƙaruwa ma suka yi, don dama tiransifa suke yi, kasuwa kuma ta gagare su. Amma leburori da 'yan dako da matan ƙauye tsaba suke so, sai na sayi kuɗi da kuɗi a wurin masu POS. A ranar 29 ga Mayu kuma aka cire tallafin mai, litar fetur da a hukumance take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Inji fetur yake sha, mota fetur, babur fetur. Dole na buɗe baki na gaya wa matan da na sani, na san albashin gidansu bai ƙaru ba, cewa kwali ya tashi. Da yawa sun rage oda. Abin da ya cece mu shi ne haɗa gidaje: maƙwabta su yi oda tare, a sauke a gida ɗaya, su raba kuɗin kai wa. A ƙarshen shekarar, hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimeti suka taɓa mutanen da nake karɓar dankali a hannunsu. Wata daga cikinsu sai bayan makonni na same ta a waya, tana gudun hijira. Na gaya wa kwastomomi babu dankali, na gaya musu dalili. Wasu suka haɗa mata abin da Allah ya hore, Musulminsu da Kiristansu, mutanen da ba su taɓa ganinta ba amma sun daɗe suna cin nomanta.

Na gama biyan Alhaji da ranin 2024. Ya ɗauko littafin ya ja layi a gabana, ya sa mini albarka. Ban yi kuɗi ba. Ƙannena mata suna makaranta, na sayo wa matata wani keken, 'yan kunnen dai har yanzu alkawari ne. Akwai makon da ake samu, akwai makon da damina za ta kawo cutar da ke ƙona ganyen dankali da tumatir in rasa abin aikawa, in bi mutane da ban haƙuri. Filin ma har yanzu haya ne. Dattijon ya rasu, 'ya'yansa sun fara maganar yanka shi fuloti-fuloti, don gari ya iso wurin, kuma ina ta neman inda za mu koma mai ruwa.

Samari suna zuwa wurina su ce suna so su fara, yawancinsu hoto da Instagram ne a ransu. Nakan tambaye su wa zai karɓi kayan a can, kuma idan mota ta kwana a hanya da me za su biya mutane. Wanda ya ba ni amsa nakan haɗa shi da direbana. Bana ni da wasu maƙwabtana 'yan lambu muna adashe don mu sayi tsohuwar bas tamu ta kanmu, mu cire kujerun baya mu jera katako hawa-hawa saboda kwalaye. Idan Allah ya nufa kafin azumi mai zuwa za ta hau hanya, kuma mun fara magana da wasu gidaje a Kaduna.